Hoton kan Autanmu ya fito tas, amma ciwon na nan

Ni aikin famfo nake yi, shekara sha huɗu kenan ina haƙa rami ina haɗa fayif a garin nan na Kaduna, tun daga Tudun Wada inda muke zaune har su Malali da Unguwar Rimi inda zaka ga tanki uku a gida ɗaya. Na fara da wannan ne dan ku san irin kan da na shiga maganar nan da shi. Mai aikin famfo in kace masa ruwa baya zuwa ba wani dogon lissafi zai yi ba, wani waje ne ya toshe, a nemo a buɗe a sallame shi ya tafi gida. To da wannan lissafin na ɗauki ƙanena na kai aka tura shi cikin injin ɗaukan hoton kai, kuɗin da har yau da sauran bashinsa a wuyana.

Autanmu ne, shekararsa 21 lokacin da abun ya fara, daminar 2022. Yana koyon walda a Fanteka, yaro ne mai surutu da tsokana, in ana karta a ƙofar gida ba mai iya cinsa. Sai kawai ya fara shiru. Da farko mun ɗauka budurwa ce ta yi masa rashin mutunci, har ina tsokanarsa. Daga nan ya daina zuwa shago, wanka sai Umma ta yi da gaske, ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, wayarsa kuma ya naɗe ta a tsumma ya cusa cikin tsohuwar tukunya ya rufe wai ana sauraronsa ta ciki. In an kunna rediyo sai ya tashi ya bar wajen, yace mai karanta labaran da shi yake. Cikin dare ina jiyo shi ta bango yana cewa ku ƙyale ni, me na yi muku, kuma wallahi ba kowa a ɗakin sai shi.

Kun san yadda muke. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, habbatussauda da man zaitun kam har sai da ɗakin ya riƙe warinsu. Bana raina ko ɗaya, addu'a har gobe muna yi. Amma wata kusan goma muka yi a haka yaro na ƙara lalacewa. Kawu, yayan Umma, shi ya kawo shawarar a kai shi irin gidajen nan da ake ajiye kangararru. Nan ne Umma ta ce a'a da babbar murya, dan duk ɗan Kaduna ya tuna 2019 da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa wasu da mari a ƙafa. Tace gara ya mutu a gabanta.

Sai a farkon 2023 na samu na lallaɓa shi muka shiga keke napep muka tsallaka gada zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ƙarya na yi masa, nace maganin rashin barci zamu karɓo, Allah ya yafe min. Aka yanki kati, aka buɗe fayil, muka shiga wajen wata likita da ba zata wuce sa'ar ƙanwata ba. Ni na zata za'a kawo wata na'ura a jona masa, ashe tambaya ce zalla. Ta tambaye shi shi kaɗai, ta tambaye ni ni kaɗai, ta haɗa mu. Yaushe ya fara, yana barci, muryoyin da yake ji maza ne ko mata, da shi suke magana ko hirarsa suke yi a tsakaninsu, suna sa shi ya yi wani abu, akwai mai irin wannan a dangi, yana shan wiwi ko tiramol ko sirof, ya taɓa faɗuwa ya bugu a kai, yana farfaɗiya. Sama da awa ɗaya. Sannan ta rubuta gwajin jini da na fitsari, duk suka fito lafiya, ba ƙwaya a jikinsa, jininsa kuma cike yake.

A zuwa na biyu ta kira sunan ciwon, sikizofireniya. Sai da ta rubuta min a takarda na iya faɗa. Tace ba wani baƙon abu bane, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 300 na da shi, kuma maza ya fi kama su daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu, daidai shekarun Auta kenan. Aka ɗora shi kan wata ƙwaya risperidon, tace kar mu sa ran ganin canji a kwana biyu, sai an yi makonni. Haka kuwa aka yi, wajen sati na biyar ya fara barci, ya fito tsakar gida ya ci tuwo da mu, Umma ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

To anan ne ni kuma na jawo wa kaina aiki. Wani dare ina kwance ina latsa waya na ci karo da wani bidiyo a Facebook, an jera hoton ƙwaƙwalwa guda biyu masu kala, ɗaya gabanta ja da ruwan ɗorawa, ɗayar kuma gabanta shuɗi. Wai ta farkon ta mai lafiya ce ta biyun ta mai irin ciwon Auta, kuma shuɗin na nufin jini baya isa wajen sosai. Na tashi zaune. Nace shikenan, ai wannan aikina ne, layi ne ya toshe! Ruwa baya kaiwa gaban gida. In dai an ga inda ya toshe ai sai a buɗe, yaro ya huta da haɗiyar ƙwaya kullum. Ranar ban yi barci ba, ina ta zana yadda fayif ɗin zai kasance a kaina.

Ranar ganin likita na miƙa mata wayar tun kafin in zauna. Ta kalla ta yi murmushi tace Malam, abun da ke cikin bidiyon nan akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ka fahimta ba. Tace ba'a gano ciwon nan da hoto, ko a Ingila ko Amurka da tambaya da lura ake gano shi kaman yadda ta yi mana. Nace Likita ni dai a taimaka a duba. Sai ta koma fayil ta ga inda na faɗa mata cewa ya taɓa faɗuwa a mashin wajen gadar Kawo shekara biyu kafin ciwon, kuma yana yawan kukan ciwon kai, tace saboda wannan dalilin zata rubuta mana MRI, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da inji, dan a tabbatar ba ƙari ko tsohon rauni ko wani abu daban da ke kwaikwayon ciwon. Ta ƙara da cewa in rubuta in ajiye, hoton da za'a ɗauka siffar ƙwaƙwalwa zai nuna, ba gudun jini ba, kuma ta fi kyautata zaton zai fito lafiya lau. Na ce to. Amma gaskiya kunnena ne kawai ya ji, zuciyata na can wajen toshewa.

Wani waje mai zaman kansa muka je, ba zan kira suna ba. Kuɗin da suka faɗa sai da na sayar da injin yankan tayil ɗina na kuma ranci sauran wajen maigidana na da. Ranar farko muka je aka ce injin ya samu matsala mu dawo jibi, jibin muka zauna tun takwas na safe har bayan azahar ana jiran a tada janareta. Duk wannan mai sauƙi ne akan abun da ke gabana, wato yadda zan shawo kan mutumin da ya yarda ana karanta tunaninsa ta waya ya kwanta a tura kansa cikin wani ƙaton inji.

Kafin nan akwai fom. Suna tambaya ko akwai ƙarfe a jikinka, ko an taɓa maka aiki an sa wani abu, ko harsashi, ko na'urar zuciya. Da ma'aikacin ya ji Auta walda yake yi sai ya ajiye biro, yace tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa? Dan injin ɗin gaba ɗayansa maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske kuma a kunne yake ko ba'a aiki da shi, in akwai ɗan ɓurɓushin ƙarfe a ido zai iya motsa shi. Sai da aka tura mu aka yi masa hoton eksire na fuska aka ga ba komai, wani kuɗin kenan. Sannan aka ce a cire komai, bel, makulli, zobe, agogo. Nan muka gano Umma ta ɗinke masa laya a cikin ƙugun wando, ma'aikacin yace ba su san me ke ciki ba dole a cire, aka bashi wata riga mai igiya a baya ya saka.

Da aka buɗe ƙofar ɗakin ya hango injin, fari, da rami a tsakiya kaman bakin rijiya a kwance, sai ya ja ya tsaya. Ya riƙe hannuna yace Yaya, wannan ne zai kwashe abun da ke kaina ya tura musu ko? Wallahi sai da hawaye ya zo min. Nace Auta, ka san injin walda, ka san tiransifoma, wannan ma waya ce aka naɗa aka sa mata wuta, ba shi da kunne ba shi da baki. Yace to ka fara shiga. Ba'a bari, amma suka yarda in cike nawa fom ɗin in zubar da komai na aljihuna in shiga in tsaya a gefe. Aka kwantar da shi, aka toshe masa kunne, aka sa masa wani abu kaman keji a kai, aka bashi ɗan balan-balan a hannu wai in ya ji ba zai iya ba ya matsa. Gadon ya zame da shi ciki, ni kuma na riƙe babban yatsan ƙafarsa.

Ƙarar kam ba'a magana. Ni da nake aiki kusa da masu haƙa bohol ban taɓa jin irinta ba, wani lokaci kaman ana buga guduma a kan durom, wani lokaci kaman injin markaɗe ya shaƙe. Sau biyu ya motsa aka sake daga farko. Na dinga matsa yatsan ina karanta duk abun da ya zo bakina. Wajen minti arba'in aka fito da shi ya jiƙe sharkaf da gumi, abun da ya fara cewa shine, Yaya ai sun yi shiru a ciki, ƙarar ta fi ƙarfinsu. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Bayan kwana uku na karɓo sakamako a wata ƙatuwar ambulan, baƙaƙen hotuna da takarda ɗaya. Likita ta ɗaga su a haske ta karanta takardar tace alhamdulillahi, ba ƙari, ba tsohon rauni, ba alamar shanyewar jiki, komai daidai. Ni kuwa sai na ji kaman an zare min laka. Nace to ina toshewar? Tace Malam ai na faɗa maka.

Babban kuskuren da na yi shine na kai ambulan ɗin gida na faɗa a gaban kowa cewa hoto ya nuna kansa lafiya lau. Kawu na zaune. Yace to kun gani, na'urar Bature da kanta ta ce ba ciwon asibiti bane, tun farko na faɗa muku aikin iska ne ko kuma hannu aka sa masa. Da na yi ƙoƙarin kawo maganar jini sai abun ya ƙara cakuɗewa, Gwaggo tace in jini ne baya isa ai sai a haɗa masa maltina da madara da zogale, Kawu kuma yace a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya a zuƙe mataccen jinin. Kowa ya zama likita, ni na buɗe musu ƙofa.

Wadda ta warware min zaren ita ce 'yar Gwaggon, tana karatun likita a Shika, ta zo hutu. Na zaunar da ita a kan benci da daddare nace ƙanwata ki min bayani da Hausa, kar ki sa min turanci. Tace Yaya ai da yarenka ma zan maka, na famfo.

Tace ƙwaƙwalwa bata wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai ke karɓan kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, da kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, wajen mililita 750 na jini a duk minti ɗaya, rabin babbar robar ruwa kenan. Kuma bata da tanki, bata ajiye komai, shi yasa in jini ya yanke na 'yan daƙiƙu mutum ke sumewa. Sannan ba rabo ɗaya ake yi wa ko'ina ba, duk ɓangaren da ya tashi aiki sai ƙananan jijiyoyin wajen su buɗe jini ya ƙaru cikin daƙiƙu kaɗan, in ya huta su koma. Tace ka ga 'yan ga-ruwa, ina suke tururuwa da kurarsu? Nace gidan biki. Tace to in ka ga layin da ba ɗan ga-ruwa ko ɗaya, ba lallai hanya ce ta lalace ba, wataƙila ba'a girki ne a layin. Nan na yi shiru, dan na gane inda ta dosa. Toshewar da nake nema ita ce ke kawo shanyewar ɓarin jiki, wannan kuma da hoton ya nuna ta. Na Auta ba ita bace.

Ta bani tarihin abun ma, kuma na ji daɗinsa dan ashe manyan masana ma sun fara da irin lissafina. Wani Ba'amurke Seymour Kety shi da abokin aikinsa Carl Schmidt suka fara gano hanyar auna jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwar mutum mai rai, ana shaƙa wa mutum wata iska sannan a ɗebi jinin da ke shiga kai da wanda ke fitowa a gwada. A 1948 Kety ya gwada masu wannan ciwon ya ga jimillar jinin daidai take da ta kowa. Nace ai wannan mitar bakin get ya duba. Tace haka ne. Sai a 1974 wasu likitoci biyu a garin Lund na ƙasar Suwidin, David Ingvar da Göran Franzén, suka yi amfani da iskar zenon mai ɗan tururin da na'ura ke iya gani, suka auna ɓangare ɓangare, wato kowane layi da mitarsa. Su suka ga cewa mai lafiya ko yana kwance ba ya komai gaban ƙwaƙwalwarsa, nan bayan goshi, ya fi samun jini, amma a waɗanda suka daɗe da ciwon wannan fifikon ya ragu, musamman waɗanda suka fi yin shiru da janyewa daga mutane. Bayan goshin nan kuwa shine wajen tsara abu, yanke shawara, da tashi a yi. Na tuna Auta da zai wuni a zaune an ajiye masa bokiti da soso ya kasa tashi, muna ta ce masa malalaci.

Wanda ya fi tsaya min a rai na karta ne. A 1986 Daniel Weinberger da Karen Berman da wani abokin aikinsu a Amurka suka ba mutane wani wasan kati suna auna jinin kansu a lokacin. Katunan na da kala da siffa da adadi daban daban, ba'a faɗa maka dokar ba, kai dai ka ajiye a ce maka daidai ko kuskure har ka gano, kana ganowa kuma sai a canja dokar ba sanarwa. Masu lafiya suna fara wasan sai jini ya ƙaru a gaban ƙwaƙwalwa, masu ciwon kuma bai ƙaru yadda ya kamata ba, kuma sukan nace wa tsohuwar dokar ko ana ta ce musu kuskure. Daga baya aka gwada tagwaye masu kama ɗaya sak, ɗaya na da ciwon ɗaya ba shi da shi, aka ga mai ciwon ne nasa ke ƙasa. Kenan ba wai layin a bushe yake kullum ba, lokacin da aka buɗe famfo da yawa ne ake ganin ƙarfin ruwan bai taso ba. Wannan kam na sani a aikina, gida zai yi lafiya lau sai ranar suna.

Kuma ba ko'ina ne ke raguwa ba, wani wajen ƙaruwa yake. A 1993 wasu masu bincike a Landan, Philip McGuire da abokansa, suka ɗauki hoton gudun jinin wasu marasa lafiya a lokacin da suke cikin jin muryoyi, suka sake ɗauka bayan muryoyin sun lafa. Lokacin muryoyin jini ya fi yawa a wani waje a ɓarin hagu wanda aikinsa shine haɗa magana, wajen da ni da kai muke amfani da shi in zamu yi magana ko muna zancen zuci. Shi yasa masana da yawa ke ganin muryar daga cikin kan mutum take tasowa amma sai ta iso masa kaman daga waje. Da ta faɗi wannan sai na tuna sau nawa na daka wa Auta tsawa nace ƙarya yake ba mai magana. Ashe shi da gaske yana ji, kaman yadda nake jin kiran sallah.

Nace to tunda an san duk wannan me ya hana a ɗauki irin hoton a gane mai ciwo? Tace akwai na'urorin, wasu sai an yi allurar wani sinadari mai tururi, wata hanyar kuma da MRI ɗin ne amma da tsari na musamman da ke yi wa ruwan cikin jini alama, galibi a wajen bincike ake amfani da su akan wannan ciwon. Matsalar ita ce bambancin na taro ne. Sai an tara mutane da yawa nan da can an haɗa lissafi sannan yake fitowa, hoton bidiyon da na gani ma wataƙila irin wannan haɗin ne ko kuma an zaɓo wanda ya fi fitowa fili. Tace Kaduna ta fi Katsina ruwan sama a shekara, ba mai musu, amma in aka ce maka yau an yi ruwa a wani gari ba zaka iya rantsuwa wanne bane. Akwai mai ciwon da nasa gudun jinin daidai yake, akwai mai lafiya da nasa ke ƙasa, kuma ana ganin raguwar gaban kan a wasu cututtukan kaman ciwon damuwa mai tsanani. Ga shi abubuwa da yawa na taɓa shi, kofi da goro na rage shi, taba na canja shi, yadda kake numfashi, shekaru, har shi kansa maganin da Auta ke sha yana ƙara jini a wasu wurare can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa. Maltina da ƙaho kuwa tace in ma bar zancen.

Na fahimta, amma ni kaɗai na fahimta. Ban sani ba ashe a bayan idona Kawu ya shawo kan Umma da maganar nan ta ai hoto ya wanke shi, kuma ga maganin na sa shi barci da yawa, ya yi ƙiba, wani lokaci miyau na zuba. Sai suka daina bashi, in na tambaya ace ya sha. Wata biyu lafiya lau har Kawu na min gori. A wata na huɗu, farkon 2024, aka kira ni ina kan aiki a Kinkinau wai Auta ya fita tun asuba ba takalmi. Sai bayan isha'i wani mai shayi da ya san ni ya kira yace ga shi can zaune a bakin titin baifas yana magana da fitilun motoci. Wannan karon sai da aka kwantar da shi sati uku.

Ban yi wa Umma faɗa ba, uwa ce, kuma ni na kawo ambulan ɗin. Abun da na yi shine ranar sallama na tafi da ita da Kawu duka, na roƙi likita ta maimaita musu da bakinta. Ta ɗauko hoton ta ce Baba, wannan ya nuna ginin gidan ne, bango lafiya rufi lafiya, bai nuna yadda wuta ke gudu a cikin waya ba. Kawu yace to Allah ya sawwaƙe, bai ƙara komai ba, kuma har yau ban san ko ya yarda ba. Umma dai ta yarda da abun da idonta ya gani a bakin baifas. Aka canja masa zuwa allura sau ɗaya a wata dan a huta da rigimar ya sha bai sha ba, aka rage abun da ke sa shi yawan barci.

Yanzu shekara ɗaya da wani abu kenan. Bai koma walda ba, ƙarar da tartsatsin na damunsa, sai nake tafiya da shi wajen aikina yana riƙe min fayif yana shafa gam, kuma hannunsa na da kyau, in ya haɗa joyin baya ɗiga. Abu ɗaya na lura, in na jero masa aiki uku a tare sai ya tsaya yana kallona, in na bashi ɗaya bayan ɗaya sai ya yi su tas, dan haka na daina jerowa. Karta ma ya dawo yana yi da yamma, ba kaman da ba, yaran da yake ci a da yanzu suna cinsa wani lokacin, yana dariya yace bashi ne suke karɓa.

Shekaranjiya muna dawowa daga Unguwar Mu'azu a keke yace min Yaya, har yanzu fa sukan zo in dare ya yi, amma can ƙasa ƙasa kaman rediyon maƙwabta. Nace me suke cewa? Yace ba ya tsayawa ji. Na rubuta a bayan katinsa dan kar in manta, tare da rawar da na ga hannunsa na hagu na yi in ya ɗauki kofin shayi. Ranar Talata ce allurarsa, ƙarfe bakwai zamu fita kafin gada ta cushe.